Ɗakin Haya da Gidan Amana: Nazarin Lamarin Wata Matar Aure a Damagaram

Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 24 lokacin da maganarta ta iso ma'aikatar magajin gari ta ɗaya daga cikin da'irori biyar na birnin Zinder, a watan Mayun 2023. An sakaya sunanta da unguwarta da da'irar, an kuma sakaya duk wanda ya sa hannu a cikin maganar, domin har yau ita da tsohon mijinta ruwan gari ɗaya suke sha. An yi mata aure a 2015 tana da shekara 16, aka kawo ta birni daga wani ƙauye da ke kudu, tafiyar kilomita kusan 60. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, saboda haka baffanta ne waliyyinta, shi ya karɓi sadaki. Mijin ɗan kasuwa ne mai ƙaramin jari, yana saro kaya daga Kano ta hanyar Daura da Matamaye yana sayarwa a kasuwar Dole. Suna da ƴaƴa uku: namiji ɗan shekara 7, mace ƴar shekara 4, da na goye.

Kafin a bi lamarin daki-daki, ya kamata a san inda doka ta tsaya a lokacin. Nijar ba ta da dokar iyali guda ɗaya. Daftarin da aka shirya a farkon shekarun 1990 bai zama doka ba, wanda aka sake kawowa a 2011 shi ma aka ajiye shi bayan adawar ƙungiyoyin addini. Maganar aure da saki da riƙon yara tana bin al'adar masu ƙara ne, wadda a Damagaram ta daɗe da cakuɗuwa da fiƙihun Malikiyya. Duka kuwa laifi ne a kundin hukunta laifuka, amma a ƙarƙashin babin duka da raunatawa na kowa da kowa, babu wata doka ta musamman a kan cin zarafi tsakanin ma'aurata, balle wadda ta ɗora wa wata hukuma nauyin sama wa wadda ta gudo wurin kwana.

Ta fuskar ƙananan hukumomi, kundin da aka kafa ranar 17 ga Satumban 2010 ya ba majalisu damar taimaka wa gajiyayyu, sai dai fannonin da gwamnati ta miƙa musu a 2016 guda huɗu ne: ilimi, kiwon lafiya, ruwa da muhalli. Sha'anin mata da kare yara ya zauna a hannun ma'aikatar gwamnati da reshenta na jiha. Akwai kuma wani abu da ya shafi birane huɗu masu matsayi na musamman, wato Yamai, Maraɗi, Tawa da Zinder: a wancan lokaci da'ira tana da magajin gari da majalisa, amma ba ta da baitulmali na kanta, kasafin kuɗi na babbar majalisar birni ne. Wannan ƙa'ida za ta sake ɓullowa sau biyu a cikin labarin.

Yaji uku, 2018 zuwa 2022

Dukan ya soma ne bayan haihuwar fari. Sau uku ta yi yaji zuwa gidan baffanta, a 2018 da 2020 da 2022, kuma kowane karo tafiyar iri ɗaya ce: ta yi mako biyu ko uku, mijin ya aiko dattawa biko da goro da turmin zane, a zaunar da ita a yi mata nasihar haƙuri, a mayar da ita. Yaji tsohuwar kariya ce, ba kuma banza ba ce, amma tana aiki ne idan gidan da aka dosa yana da hatsin ciyar da ƙarin baki huɗu, yana kuma da namijin da miji ke jin nauyinsa. Baffan ba shi da ko ɗaya. Rumbunsa kan ƙare tun damina ba ta sauka ba, kuma mijin ne ke ba shi bashin hatsi a lokacin. A karo na uku ya gaya mata a gaban matarsa: “Ɗiyata, in kika sake dawowa ban san abin da zan ba ki ba, ban san kuma abin da zan ce masa ba.” Daga nan ba ta sake komawa ƙauyen ba.

Mayun 2023: daren da ta fita

A tsakiyar watan Mayu, lokacin da zafi ke sa kowa kwana a tsakar gida, ya buge ta da taɓarya ya karya mata hannun hagu. Da yake maƙwabta ma a waje suke kwance, mutum uku sun ji, biyu sun leƙa ta katanga, waɗanda daga baya suka zama shaidu. Wata maƙwabciya ta kai ta asibitin unguwa, daga can aka tura su babban asibiti aka ɗauki hoton hannun aka ɗaure shi. Washegari suka je sashen ƴan sanda mai kula da mata da ƙananan yara, aka rubuta ƙara, aka ba su takardar da za su kai wa likita ya rubuta shaidar rauni. Likitan ya rubuta kwana 30 na rashin iya aiki, adadin da kotu ke dubawa wajen auna nauyin laifi. Mijin ya kwana biyu a tsare, danginsa suka tsaya masa aka sake shi.

A nan ne tambayar da wannan nazari ya dosa ta taso, wato ina za ta kwana. Gidan maƙwabciyar katanga ɗaya ce tsakaninsa da na mijin. Sai aka kai ta gidan mai unguwa, ta zauna cikin matansa da yara biyu ƙanana, babban yaron kuwa uban ya riƙe shi. Ta kwana tara a can, kuma kowace safiya mijin da ƴan'uwansa suna zaune a zaure suna jiran a yi sulhu. Dokar sarauta ta 2015 ta ba sarakuna da masu unguwanni ikon sasanta rikici na al'ada, ba ta ce su zama masu ajiyar wani ɓangare ba, mai unguwar kuma ya san haka sarai. Ya aika aka kira wata ƴar majalisar da'ira da ke zaune a unguwar, ɗaya daga cikin matan da suka shigo a zaɓen 13 ga Disamban 2020, bayan dokar 2019 ta ɗaga kason jinsi a muƙaman zaɓe zuwa kashi 25 cikin ɗari. Ya ce mata: “Hajiya, gidana zauren sulhu ne. In na riƙe ta fiye da haka, za a ce na ɗauki ɓangare, gobe kuma ba wanda zai kawo mini magana.”

Yuni zuwa Yulin 2023: ɗakin haya

Ƴar majalisar ta kai maganar ga magajin garin da'ira, shi kuma ya nemi wata jami'ar jin daɗin jama'a ta reshen ma'aikatar mata. Da'irar ba ta da kuɗin da za ta kashe kai tsaye, neman su daga babbar majalisa kuma zai ɗauki makonni, don haka aka juya ga wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aiki da tallafin waje. A shekarun nan irin wannan tallafi yana nan, domin Zinder tana cikin jihohi huɗu, tare da Maraɗi da Tawa da Tilaberi, da shirin Spotlight na yaƙi da cin zarafin mata, na Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shafa. Ƙungiyar ta biya hayar ɗaki na wata uku a kan jika 8, wato sefa dubu 8, kowane wata, ta sayi tabarma da katifa da tukwane, ta ba da tiya 10 ta hatsi. Magajin gari ya sa hannu a takardar neman taimakon. A farkon Yuni aka kai ta.

Ɗakin yana cikin gidan haya mai ɗakuna shida a wata unguwa ta gefen gari, da ƙofar langa-langa mai kyau da kwaɗo sabo. Abin da babu shi ne sunan wanda zai riƙa zuwa dubawa. Ma'aikatar da'ira ta ɗauka ƙungiyar ce ke bi, tun da ita ta biya. Ƙungiyar ta ɗauka jami'ar gwamnati ce ke bi, tun da aikinta ne. Jami'ar kuwa ita kaɗai ce a kan tulin takardun yara da mata, ba ta da babur na aiki. A cikin kwana 41 da matar ta yi a ɗakin, sau biyu kacal wani daga cikinsu ya taka ƙafa gidan.

Mijin ya gano wurin a rana ta 12. Har yau ba a tabbatar ta inda labarin ya fita ba, saboda ƙofofin suna da yawa. Takardar neman taimakon, ɗauke da cikakken sunanta da unguwar da aka kama ɗakin, ta bi tebur huɗu, an kuma shigar da ita a littafin wasiƙu da ke buɗe a kan kanta inda kowa ke jingina yana jiran takardar haihuwa. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauki kayanta daga tashar unguwarsu aka kira shi. Samarin da ke shan shayi a bakin layin ba abin da ke wuce su. Mijin bai shiga gidan ba a karon farko. Ya riƙa zuwa da magariba yana tsayawa a kan babur daura da ƙofa, ya yi minti goma ya tafi.

Ruwa ya ƙara tsananta lamarin. Duk wanda ya zauna a Zinder ya san yadda famfo ke yi kafin damina ta kankama, gidan kuma ba shi da tanki. Da hannu ɗaya a ɗaure, ko dai ta sayi bido daga ƴan ga-ruwa da kuɗin da ba ta da su, ko ta fita layin famfo da tsakar dare lokacin da ruwa ke zuwa, ta bar yara biyu a kulle. Ta riƙa yin na biyun.

Sai kuma bakin mutane. Mace mai igiyar aure a kanta, zaune ita kaɗai a gidan haya, ba miji ba dangi, an san sunan da ake ba ta, kuma matan gidan ba su daɗe ba suka fara janye ƴaƴansu daga ƙofarta. Bayan babbar salla, dangin mijin suka sami mai gidan suka ce masa yana ɓoye matar aure, za su kai shi gaba. Mutumin ya nemi takardar da za ta kare shi, aka duba, babu: sa hannun magajin gari na neman kuɗi ne, bai ce komai a kan halascin zamanta a wurin ba. A tsakiyar Yuli ya mayar wa ƙungiyar ragowar kuɗin hayar, ya ce ta tashi.

Agusta zuwa Oktoban 2023: komawa

Ta koma gidan mai unguwa na ƴan kwanaki ana neman wani ɗakin, sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli. Takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya biyo baya, aka rufe iyaka da Nijeriya, wutar da ke zuwa daga can ta yanke, farashin abinci ya tashi, masu ba da tallafi da dama suka dakatar da kuɗinsu. Ƙungiyar ta sanar cewa ba za ta iya ɗaukar sabuwar haya ba. Baffan ya zo daga ƙauye, dattawan mijin suka zo, aka je gaban ƴan sanda mijin ya sa hannu a takardar alkawarin ba zai sake ba, ita kuma ta janye ƙararta. A ƙa'ida janyewar mai ƙara ba ta hana mai gabatar da ƙara na gwamnati ci gaba da tuhuma, amma fayil ɗin da mai shi ta saki ba kasafai yake motsi ba. A farkon Agusta ta koma ɗakinta.

Alkawarin ya yi mako tara. Rufe iyakar ya tsayar da kasuwancin mijin, yana wuni a gida. A watan Oktoba ya sake dukanta, ya zare wuƙa, yarinyar ƴar shekara 4 ta shiga tsakani ta faɗi a kan murhu ta ƙone a cinya. An sake zuwa asibiti, aka sami takardun likita biyu, ta uwa da ta ɗiya.

Nuwamban 2023: gidan amana

A wannan karon ƴar majalisar ba ta fara da neman kuɗi ba. Ta roƙi magajin gari ya kira zama guda, ya kuma amsa. Mutum bakwai suka zauna: shi da ita, jami'ar jin daɗin jama'a, wata ƴar sanda daga sashen mata, mai unguwa, wani malami daga zauren alƙalin fadar Sarkin Damagaram, da shugabar wata ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, tsarin adashen da aka faro a jihar Maraɗi a 1991. An shafe sa'a guda ana maimaita maganar kwaɗo da katanga kafin malamin ya yi magana. Ya ce abin da suke nema ba baƙo ba ne a littafi: a cikin Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan unguwannin Birni da Zango, an ce idan miji ya ƙetare iyaka alƙali ya tsawata masa, ya zaunar da matar a tsakanin mutanen kirki, kuma tana da haƙƙin a raba auren saboda cutarwa bayyananniya. Ya juya ga magajin gari ya ce: “Ranka ya daɗe, ku kun ɓoye ta ne, shi ya sa aka kore ta. A ajiye ta amana da sanin alƙali, a ga mai ƙarfin halin da zai ce an sace masa mata.”

Abin da aka tsayar bai wuce shafi ɗaya ba. Alƙali zai ba da takarda cewa matar tana hannun amana har a gama maganar aurenta, ba tare da an ambaci gidan ba, kuma duk abin da mijin ke so ya faɗa, a zauren alƙali zai faɗe shi. Mutum uku kawai za su san gidan: jami'ar, ƴar sandan da ƴar majalisar. A duk takardun ma'aikata lamba za a rubuta a madadin suna. Jami'ar za ta je kowace Alhamis, ranar babbar kasuwar Dole, lokacin da zirga-zirgar mata da kaya ba ta jan ido, za ta keɓe da matar su biyu, ta rubuta abin da ta gani a littafi, ta sa kwanan wata. Ƴar majalisar za ta duba littafin sau ɗaya a wata, ta kai bayani ga majalisa ba tare da suna ba. Kuɗin kabu-kabun jami'ar ma an rubuta shi, jika biyu a wata, abin da aka manta a karon farko.

Gidan da aka zaɓa na wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu, a wata da'ira daban, mai ƴaƴa maza biyu manya da iyalansu a cikin gidan, da tankin ruwa a tsakar gida. An kai matar da yaran biyu da asuba a motar wani da ba ɗan unguwarsu ba. Ga mutanen layi, ɗiyar ƙanwar dattijuwar ce ta zo jinyar yarinya, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. An yanka jika 15 a wata, ana ba da su hatsi da mai da sabulu, ba tsabar kuɗi ba. Da'irar ta nemi kuɗin daga kason taimakon gajiyayyu na babbar majalisa, kuma da yake takardar biyan sai ta bi matakanta, matan asusun suka ranta wata biyu na farko daga akwatinsu, aka mayar musu a Janairu.

Littafin ziyarar ya nuna amfaninsa a mako na uku. Jami'ar ta lura hannun da ya karye ya kumbura, tafin hannayen kuma sun farfashe. Da suka keɓe, matar ta yi ta cewa lafiya lau, sai da aka tambaye ta wa ya yi wankin da ke shanye a igiya, tulin kayan gida uku, sannan ta sunkuyar da kai. Surukan dattijuwar sun sakar mata daka da wanki da wanke-wanke, ita kuma tana ganin ba ta da bakin ƙi a gidan da aka rufa mata asiri. Jami'ar ba ta yi faɗa ba. Ta sami dattijuwar a ɗaki ta ce: “Inna, amana aka ba ki, ba ƴar aiki ba, in hannun nan ya lalace, ni da ke za mu amsa a gaban alƙali.” Aka raba aikin gida da kwana kamar yadda ake yi tsakanin matan gida, abin da aka rubuta a littafi a ziyara ta gaba ke nan.

Mijin ya gwada hanyarsa ta dā. Ya je wurin mai unguwa, aka nuna masa takardar alƙali. Ya je ma'aikatar da'ira, bai sami sunan matarsa a ko wane littafi ba. Ya tare ƴar majalisar a hanya da baƙar magana, ƴar sandan ta kira shi ofis ta karanta masa takardar alkawarin da ya sa wa hannu a Agusta, haɗe da takardun likita na Oktoba. Bai sake tare ta ba, kuma har ƙarshen zaman bai san gidan ba.

A zaman majalisa na ƙarshen shekara, wanda ake tattauna kasafin kuɗi, ƴar majalisar ta gabatar da bayanin wata biyu, aka amince da'irar ta nemi a keɓe ɗan kaso a kasafin 2024 don irin wannan ajiya. Wasu ƴan majalisa maza sun yi tsayayya cewa za a buɗe wa mata ƙofar ƙin zaman aure. Abin da ya kwantar da muhawarar shi ne sharaɗin cewa ba za a ajiye kowa ba sai da takardar likita ko ta ƴan sanda, da kuma sanin alƙali.

Disamban 2023 zuwa Fabrairun 2024: raba auren

An zauna sau uku a zauren alƙali, da wakili daga kowane dangi kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Matar ta ce ba za ta koma ba. Mijin ya ce sai dai a yi hul'i, ta mayar masa da sadaki da kayan da ya kashe, abin da ya san ba ta da shi, baffanta ma ba shi da shi. Alƙali ya ce inda cutarwa ta tabbata da shaidu ba a neman mace ta fanshi kanta. Mijin ya ƙi furta saki, sulhu ya gagara, aka rubuta takardar rashin daidaitawa, maganar ta wuce kotu, inda alƙalin gwamnati ke zama da mashawarta masana al'ada. Ofishin hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar Disamban 2011, ya taimaka mata da rubuta ƙara. A ƙarshen Fabrairu kotu ta raba auren ba tare da mayar da sadaki ba.

Ba duka ta samu ba. An bar mata ƙananan biyu, da ɗan kuɗin ciyarwa da mijin ya biya sau biyu ya daina. Babban yaron, wanda ya shiga shekara 8, an bar shi a ɓangaren uba, a hannun kakarsa, bisa al'adar da ke mayar da yaro ga uba idan ya kai wajen shekara bakwai, ko da yake fiƙihun Malikiyya ya ba uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga. Ba a taɓa gurfanar da mijin a kan dukan ba.

Afrilu zuwa Yunin 2024: rushe majalisu

An yarda ta yi iddarta a gidan amanar saboda tsoron abin da zai faru in ta koma ɗakin tsohon mijin. Tana tsakiyar iddar, ranar 4 ga Afrilun 2024, cikin goman ƙarshe na azumi, hukumomin soja suka rushe dukkan majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi, aka naɗa kantomomi. Magajin garin da ya sa hannu ya tafi, ƴar majalisar da ke duba littafi ta rasa kujerarta, kason da aka nema a kasafi ya tsaya cak ana jiran sababbin masu sa hannu. Wata biyu ba a kai wa dattijuwar ko tiya ɗaya ba.

Abu uku suka riƙe zaman. Takardar alƙali ba ta dogara da majalisa ba. Jami'ar ma'aikaciyar gwamnati ce, rushewar ba ta shafe ta ba, ta ci gaba da zuwa ranar Alhamis da kuɗin aljihunta. Shafin nan ɗaya kuma an ajiye kwafinsa a wurin babban magatakardan ma'aikata, wanda bai tafi ba, shi ya miƙa shi ga sabon shugaba tare da littafin ziyara mai kwanakin wata a jere. A watan Yuni aka biya bashin wata biyun. A farkon watan ne matar ta fita, bayan wata bakwai, zuwa ɗaki a gidan wata ƴar asusun, da rancen jika 20 da ta fara suyar awara da shi. Abin da aka kashe a ciyarwa da ziyara cikin wata bakwai ɗin jika 119 ne.

Abin da lamarin ya nuna

Ɗakin haya ya fi gidan amana kyan ƙofa, kuma an biya kuɗinsa tun kafin a shiga, amma shi ne ya rushe. A ganina dalilin farko shi ne an ɗauki tsaro a matsayin ɓoyewa kawai, a garin da ba a iya ɓoye mace da yara biyu fiye da mako biyu, an kuma bar ta ba tare da wata hujja da mutanen layi da mai gida za su karɓa ba. Takardar alƙali ta sauya sunan abin daga gudun aure zuwa amana, wanda ya kare mai masauki kafin ya kare baƙuwa. Sirrin adireshi ya yi aiki a karo na biyu ne saboda an rage masu sani zuwa uku, an kuma cire suna daga takardun da ke yawo.

Dalili na biyu shi ne wanda ya shafi majalisa kai tsaye. A karon farko ta sa hannu ta juya baya, kowa yana zaton wani ne ke dubawa. A karo na biyu ba ta gina komai ba, kuɗin da ta fitar ma ba su taka kara sun karya ba. Abin da ta yi shi ne ta tara waɗanda ikonsu ke warwatse, ta rubuta sunan mai zuwa da ranar zuwa da wanda zai duba mai zuwan. Ba don ziyarar Alhamis ba, da gidan amanar ya zama wani wurin bauta, ba kuma wanda zai sani, domin matar ba za ta taɓa kai ƙarar waɗanda suka ba ta masauki ba.

Raunin tsarin ma a bayyane yake. Ya rataya ne a wuyan mata biyu masu himma, ɗaya ta rasa kujerarta a dare ɗaya, ɗaya kuma ana iya yi mata canjin wurin aiki a kowane lokaci. Sharaɗin takardar likita yana nufin sai an ji wa mace rauni kafin a buɗe mata ƙofa, ita kanta wannan matar sai da wuta ta taɓa ɗiyarta. Dogaro da zauren alƙali ya yi kyau a nan saboda malamin da aka samu. Da wani ne mai ganin haƙuri ne maganin komai, da an sake mayar da ita. Kuma muddin da'ira ba ta da kuɗin da za ta taɓa cikin kwana ɗaya, akwatin matan asusu ne zai ci gaba da ranta wa hukuma.

Zuwa ƙarshen 2024 an ajiye wasu mata biyu ta wannan hanya, lamba ta 2 da ta 3 a littafin. An so a sami gida na biyu don kada layin dattijuwar ya fara lissafin ƴaƴan ƙannenta, an ma sami wadda ta yarda, amma katangarta ta faɗi a ruwan daminar da ta rushe tsohon masallacin Birni a farkon Satumba, ba a kuma gyara ta ba tukuna. Matar ta biya rancenta a wata biyar. Babban ɗanta yana zuwa wurinta ranar Juma'a bayan masallaci, kakarsa ke rako shi har bakin layi, ta zauna a inuwa ta jira.